Askar Baban Auta

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun asuba, irin ruwan nan da ba ya tsayawa kuma ba ya zuba na kirki. Ina tsaye a ƙofar gidansu Auta da lemar Innata mai karyayyen ƙarfe ɗaya, na sa farar rigata mai dogon hannu wadda na goge har sau biyu, ƙasan wandona duk ya jiƙe. Da magana ɗaya na zo a bakina, kuma na rantse ba zan koma da ita gida ba.

Jama'a, ga wanda bai san ni ba, ni ne wanda ya bar makaranta a aji uku. Na yi walda na gudu, na yi gyaran waya na gudu, na zauna a shagon tela har na iya sa maɓalli, nan ma na gudu. Innata cewa take yi babu kujerar da ta san ɗumin jikina. Abu ɗaya ne na riƙe ban saki ba, shi ne Auta.

Ta fito da hijabi ruwan toka, silifas ɗin yayarta a ƙafa, hannunta yana ƙanshin sabulun aski.

"Gaggawa, a ruwan nan? Gobara ake yi?"

Haka take kirana tun ranar da muka haɗu.

"Yaushe zan turo manyana?"

"Ko gaisuwa babu?"

"Ina kwana. Yaushe zan turo?"

Ta fara dariya, sai dariyar ta mutu a hanya. Ta waiwaya ta dubi tagar ɗakin babanta.

Baba shekara arba'in ya yi yana aski a shagonsa, da aska, ba da inji ba. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta tafi, sai kalma ɗaiɗai da ba kowa ke ganewa ba. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Yayarta, wadda kowa ke kira Yaya Babba, ita ke ciyar da shi da ba shi magani. Aski kuwa na Auta ne, kwana biyu-biyu, domin ita kaɗai ya koya wa tun tana ƙarama tana riƙe masa kwanon kumfa.

"Ka san halin da ake ciki," in ji ta. "In na fita daga gidan nan, wa zai yi masa?"

"Masu aski sun ƙare a gari?"

"Huɗu aka kawo. Na farko ya zo da kilifa, Baba ya make ta da hannunsa mai lafiya ta faɗa bokiti. Na ƙarshe tsohon yaron shagonsa ne, ya ɗan danna aska kaɗan, Baba ya juya wa bango fuska. Kwana uku bai ci abinci ba, magani ma tofarwa yake yi."

"Yaya Babba fa?"

"Ita da in ta ga jini sai an yi mata fifita?"

"To in aka samu mai yi?"

Ta dubi ruwan da ke ɗiga daga bakin lemata.

"In aka samu wanda Baba ya yarda da hannunsa, ko gobe a ɗauke ni."

Ko gobe a ɗauke ni. Wallahi a tsaye nake amma na ga motocin ɗaukar amarya sun jeru a layin nan har kwana.

"Ni zan koya."

"Tsaya mana, akwai wata magana..."

"Babu wata magana. Gobe ƙarfe nawa?"

Ban ma jira amsa ba na juya, na taka kwata ban ji ba.

Washegari a barandarsu aka kafa makaranta. Yaya Babba ta ja kujera ta zauna tana linke kayan wanki, wai ita ce mai sa ido. Auta ta fito da wani akwatin katako da ya sha hannu har ya yi sheƙi. A ciki akwai burushi mai ƙotar ƙashi, kwanon kumfa, dunƙulen alif na tsayar da jini, doguwar fatar wasa aska, da askar kanta a naɗe cikin ƙyalle. Na miƙa hannu, ta buge shi da burushi.

"Wa ya ce da wannan za ka fara?"

Ta ba ni wani ƙarfen aski mai nauyi, irin wanda ake murɗa gindinsa ya buɗe baki a sa reza.

"Da wannan, kuma a fuskarka. Shafa kumatunka ka gaya min ina gashin ya kwanta."

"Ƙasa mana."

"A wuya fa?"

Na shafa. Ashe a wuyana gashin gefe ya nufa, wani ma sama. Shekara ashirin da huɗu ina ɗauke da fuskar nan ban sani ba.

"Inda ya kwanta nan za ka bi. Kar ka yi masa gardama."

Yaya Babba ta ce, "Ai kin gama da shi, wannan da ko da inuwarsa gardama yake yi."

Aka sa ni na jiƙa tawul da ruwan ɗumi na rufe fuska. Minti uku, in ji Auta. Jama'a, ban taɓa sanin minti uku yana da tsawo haka ba. Ina ɗagowa ta ce saura biyu. Na kaɗa kumfa ta ce ta bushe, na ƙara ruwa ta ce wanka zan yi? Da na fara jan ƙarfen kuwa, dannawa na yi kamar ina kankare tsatsa a shagon walda. Kafin in kai haɓa na yanke wuri uku. Na goga alif, na miƙe tsaye ban shirya ba, Yaya Babba ta yi dariya har wankin ya zube.

Da yamma saƙonta ya shigo.

*Kar ka danna. Nauyin ƙarfen ya isa. Kai dai raka shi za ka yi.*

Na rubuta: *Kin ci abinci?*

*Gajere-gajere ake ja. Ka wanke bakin bayan ja biyu. Na ci.*

*Kina tuna ni kuwa?*

*Ina tuna haɓarka. Kar ka sake bi ta wurin da babu kumfa.*

Irin hirar soyayyar da na yi ke nan wata guda cur.

Sati na biyu ta ciro askar. Ta rataye fatar a ƙusa, ta ja ta ta miƙe, ta nuna min: bayan askar ne ke gaba, kaifin na biye, in an kai ƙarshe a juya ta kan bayanta, ba kan kaifi ba. Ta yi sau goma ina jin wani sauti mai laushi, shuu, shuu. Na karɓa, a ja na uku na juya ta kan kaifi, na tsarge fatar da ta girme ni. Daga cikin ɗaki muka ji Baba ya buga hannun kujera da ƙarfi. Da kunne kaɗai ya gane.

"Ya ce sannu da aiki," in ji Yaya Babba.

Daga nan sai balan-balan. A hura, a shafe da kumfa, in aske kumfar ba tare da ya fashe ba. Auta ta ce tazarar bayan aska da fata kar ta wuce kaurin bayan sau biyu. In ta miƙe da yawa yanka take yi, in ta kwanta da yawa tsalle take yi. Kuma duk abin da zai faru kar in taɓa jan ta gefe kamar mai yanka burodi. In ta suɓuce daga hannuna, in ja ƙafa baya in bar ta ta faɗi. Wannan na ƙarshen ban ji da kyau ba, sai da babban yatsana ya ji.

A gida ma ba a bar ni ba. Wata Laraba Yayana, direban tirela, ya same ni gaban madubi da rabin gashin baki, don na zarce na kwashe ɓari ɗaya.

"Kai kuma wane sabon hauka ne wannan?"

"Sana'a nake koyo, Yaya."

"Ta nawa ke nan? Saurara. Yaron motata ya yi aure ya ajiye. Ranar Asabar zan tashi, doguwar hanya, ƙasa uku. In ka riƙe shekara biyu zan sa a ba ka sitiyari. Abin da kake ta roƙona ke nan tun bara."

Gaskiya ne. Tun ina yaro in na ji ƙarar tirela sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi.

"Ranar Asabar zan yi wa Baban Auta aski."

"Aski." Ya juya wajen Inna. "Kin ji ko? Ina ba shi duniya yana ce min gemu."

Inna ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba. "Bar shi. Karo na farko ke nan da na ga ya koma wuri ɗaya sau talatin."

"Ba zan sake tayi ba," in ji Yaya. Kuma na san shi, ba ya sakewa.

Asabar ta zo da rana tas. Ina hanyar gidansu Auta na ji hon ɗin motar Yaya daga babban titi, mai amo uku, wanda ko a mafarki zan gane. Ban waiwaya ba.

Ranar na fara shiga ɗakin Baba. Taga ɗaya, labule shuɗi, warin man zafi da sabulu. An kawo tsohuwar kujerar shagonsa an ajiye gefen gado, fatarta ta tsattsage an liƙe da salatif. Yana zaune a kai, ɓarin bakinsa ya ɗan zubo, amma idon nan ƙyar a kaina. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba.

Auta ta matso ta yi ƙasa da murya. "In ya buga yatsa sau ɗaya, ci gaba. Sau biyu, ɗaga aska nan take. Kuma a maƙogwaro kar ka ce masa ya haɗiyi yawu ya riƙe kamar yadda ake yi wa masu lafiya. Ƙwarewa zai yi, ya yi tari aska na wuyansa. Fatar za ka ja gefe, ka aske a kan tsoka."

Na sa tawul. Na tsaya minti uku cif, ni da kaina na ƙirga. Na kaɗa kumfa har ta tsaya a burushi ba ta ɗiga. Na buɗe aska, na ja fatar kumatunsa sama da yatsa biyu, na ɗora.

Ƙwas. Sau ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Duniya ta tsuke ta koma faɗin yatsa biyu. Ina jin gashin yana tsinkewa, kar-kar-kar, ina goge kumfa a tawul ɗin kafaɗata. Ɓarin da ya shanye fatarsa saki ce, dole in riƙe ta kamar ƙyallen siliki. Da na kai ƙasan haɓa ya buga sau biyu, na ɗaga. Sai ya ɗago hannun hagu ya kama wuyan hannuna, ya ɗan kwantar da shi, ya sake. Ƙwas.

Na gama babu ɗigon jini. Na wanke masa da ruwan sanyi, na goga alif, bai ko motsa ba. Ya shafa fuskarsa da bayan hannu, sama da ƙasa, ya daɗe. Sannan ya buɗe baki da ƙyar.

"Ji...bi."

Yaya Babba ta saki kwanon da ke hannunta. "Jibi ya ce! Wallahi jibi ya ce, ka dawo jibi!" Ta rungume Auta tana kuka tana dariya. "Ƙanwata, Allah ya yi! Maza kira su ki ce kina zuwa, kafin su ba wata gurbin."

Ina tsaye da aska a hannu.

"Su wa za a kira, Yaya?"

"Makarantar jinya mana. Sau biyu suna ɗaukarta tana ɗagawa saboda Baba, bana suka ce in ba ta zo ba shi ke nan." Ta dube ni, ta dubi Auta, murmushinta ya fara sauka. "Au. Ba ki gaya masa ba?"

A baranda muka yi ta. Ta tsaya jikin ginshiƙi tana murza bakin hijabinta.

"Kin ce ko gobe a ɗauke ki."

"Na ce."

"Ɗaukar amarya na ji."

"Na ce maka tsaya akwai magana. Ka tsaya?"

"Wata guda, Auta. Wata guda kina turo min saƙon kumfa. Babu ranar da bakinki ya iya faɗa?"

Na so ta yi min ƙarya, wallahi da na karɓa.

"Tun rana ta biyu na gane ba ka gane ba," in ji ta. "Na yi shiru. Na ji tsoron in ka sani ba za ka dawo ba."

"Shekara nawa?"

"Uku. Kuma da nisa, sai hutu."

"Ni kuma fa?"

"Ban ce ba na son ka ba, Gaggawa. Amma tun ina shekara goma sha tara nake cikin ɗakin can. Ƙawayena har sun fara aiki. In na fita daga ɗakin Baba na faɗa ɗakinka, yaushe zan ga waje?" Ta share ido. "In ka fasa ba zan ga laifinka ba. Sai in zauna."

Kun gane inda aka sa ni? In na ƙi zuwa, tana nan, kullum zan gan ta a ƙofa, amma ni na rufe ta. In na zo, da hannuna na buɗe mata hanya ta tafi. Na kira Yayana sau huɗu, waya tana shiga ba ya ɗauka. Inna ta ji labari ta ce, "Tsoho ya ce maka jibi. Ni ban haifi wanda zai sa mara lafiya ya zauna jira da tawul a wuya ba."

Na koma jibin. Na koma wanda ya biyo baya. Auta tana tsaye a bayana kowane karo, ba ma magana sai ta aiki.

Ranar Litinin ɗin da za ta tafi ta faɗo a ranar aski. Ta sa doguwar riga ruwan ganye da ban taɓa gani ba, da sabon takalmi mai rufi, akwatinta a bakin ƙofar ɗaki, mai tasi yana jira a waje. Yaya Babba ta ce ba za ta fita ba sai an gama, don Baba ya ga komai daidai ne.

A nan ne abin da ya sa nake rubuta muku wannan ya faru, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na gama kumatu, na gama haɓa, na zo maƙogwaro. Sai wata murya ta ce min: kalma ɗaya ce fa. Ce masa ya haɗiye. Zai yi tari, ka ɗan karce shi, ɗan jini kaɗan wanda alif zai tsayar. Zai juya wa bango fuska, a shigo da akwati, a sallami mai tasi. Babu wanda zai ce da gangan ne. Kowa ya san ka, kowa dama jira yake ka ɓata.

Jama'a, kalmar ta zo har bakina. Na ji ta a kan harshena. Askar tana kan wuyansa, hannuna ya tsaya cak, ban san daƙiƙa nawa ba.

Baba ya buɗe ido ya dube ni. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana riƙe wuyan mutane, kuna ganin bai san abin da tsayawar hannu ke nufi ba? Bai buga sau biyu ba. Ya ɗaga haɓarsa sama, ya ƙara miƙo min wuyan, ya rufe ido.

Na ja fatar gefe. Na aske a kan tsoka.

Auta ta durƙusa ta sumbaci hannunsa mai lafiya, ta daɗe a wurin. Da ta zo wucewa ta gefena ta tsaya kamar za ta ce wani abu, sai mai tasi ya yi hon. Ban raka ta ba. Kumfa na hannuna, kuma ba a barin aska a jiƙe. Ta taga na ji ƙofar mota ta rufe.

Da la'asar saƙo ya shigo: *Na isa. Za ka jira ni?*

Har yanzu ban amsa ba. Na rubuta e na goge, na rubuta a'a na goge. Yaya Babba kuwa ta riga ta turo nata: *Jibi bakwai da rabi. Zan ɗora ruwa.*

Ga abin da ya tafi, in kuna son lissafi. Balan-balan goma sha ɗaya. Fatar babban yatsa. Rabin gashin baki. Kujerar gaba a tirela, da gaisuwar Yayana. Auta, shekara uku, in ma ta dawo tawa ce. Abin da ya rage min shi ne gemun wani tsoho da ke tsirowa kowane kwana biyu, wanda babu mai taɓa shi a duniyar nan sai ni.